Da Gyaran Gado Na Fara Kafin In Shiga Makarantar Koyon Jinya

Ni haifaffiyar Daura ce, a nan na yi firamare da sakandare. Mahaifina tela ne, Inna kuma tana ƙulla man gyaɗa da ƙuli a gida. Ba mu da wani babba a ma'aikata da zai ɗaga waya a ba ni gurbin karatu. Abin da Allah ya ba mu shi ne Goggo, yayar Baba, wadda ta fara aikin ungozoma tun Katsina tana cikin Jihar Kaduna, kafin a ba mu tamu jiha a 1987, kuma ba ta bar aikin ba sai da ta yi ritaya. Duk wanda ya san ni ya san da hannunta a cikin labarin nan.

Sha'awar aikin jinya ta shige ni ne ta dalilin ƙanena mai ciwon sikila. Da sanyi ya kama, ko ya yi wasa cikin ruwan sama, mun san ba barci a gidan. Ni ce mai bin Inna asibiti in riƙe kwano da bargo. A nan na lura da abin da mai zuwa dubiya ba ya gani: likita zai zo ya duba, ya rubuta, ya wuce, amma nas ce ke kwana da mu. Ita ke duba ƙarin ruwa ko ya tsaya, ita ke zuwa cikin dare da maganin rage zafi, ita ke ce wa Inna, "Mama, ki ɗan runtsa, ina nan." Tun ina aji huɗu na ƙudurta a raina cewa wannan aikin zan yi.

Da sakamakon NECO ya fito, na samu kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji, amma Fiziks da Kemistiri ba su fito ba. Duk makarantar koyon jinya ta gaskiya tana neman waɗannan biyar cif, kuma a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Na yi kuka sosai. Ana cikin haka wani mutum ya zo shagon Baba da takarda mai hoton 'yan mata cikin fararen kaya. Ya ce akwai makaranta a wani gari da ke yaye nas cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, ba ruwanta da Fiziks, kuɗin ma ana biya kaɗan-kaɗan. Baba ya shigo gida da murnarsa, ni ma har na fara tunanin akwatin da zan ɗauka.

Goggo ta sa tabarau ta karanta takardar gaba da baya, sannan ta ɗago ta dubi Baba.

"Malam, ka tambaye shi sunan makarantar nan yana cikin jerin da Majalisa ta amince da su?"

"Wace majalisa kuma, Yaya? Ai ya ce suna da rajista da gwamnati."

"Rajistar kasuwanci daban, izinin yaye nas daban. Araha ba ta ado. Kada ka sayar da keken ɗinkinka ka saya wa yarinya takardar da ba za ta ba ta aiki ko a ƙauye ba."

A ranar na fara jin labarin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NMCN. An kafa ta da doka a 1979. Ita ke duba makaranta ta ga ko tana da malamai da ɗakin gwaji da asibitin da ɗalibai za su koyi aiki, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, ita ke ba ɗalibi lambar rajista tun yana karatu, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ce kuma ke ba da lasisi. Wanda ba ta ba lasisi ba, ko ya shekara ashirin yana sa fararen kaya, a idon doka ba nas ba ne. Wani ɗan maƙwabtanmu ya buɗo mana jerin makarantun a wayarsa, muka bi layi-layi. Na Katsina suna nan, na Kano suna nan, waccan makarantar ba ta ciki.

Wata ƙawata da muka zauna benci ɗaya ta tafi can. Iyayenta sun sayar da tumaki sun biya. Ta dawo da satifiket mai ado, ta kai shi wurin neman aiki, aka tambaye ta lambar lasisi. Har yau in na tuna yadda ta zauna a ɗakinmu tana juya takardar nan a hannu sai zuciyata ta yi nauyi. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ta fi ni iya lissafi nesa ba kusa ba. Ba wauta ta kai ta ba, rashin mai gaya mata ne. Masu buɗe irin waɗannan wurare suna cin dukiyar talakawa, suna cin shekarun 'ya'yansu mata, sannan su sake su cikin gari da sirinji a hannu. Ina ganin wannan zalunci ne da ya kamata malamai su riƙa faɗa a kan mumbari.

Shawarar Goggo ita ce in sake zama jarrabawa don darussan nan biyu, kafin nan kuma kada in zauna a gida. Ta kai ni wani asibiti mai zaman kansa a cikin gari, inda akwai likita da nas-nas masu lasisi, aka ɗauke ni mataimakiya. Sistar da ke kula da ɗakin mata tsohuwar ɗalibar Goggo ce, mace mai ƙarancin magana. Ranar farko ta zaunar da ni ta ce:

"Ki saurare ni da kyau. Ba ki yin allura, ba ki sa ƙarin ruwa, ba ki ba da magani ko da farasitamol ne sai na miƙa miki da hannuna. In wani ya kira ki nas, ki ce masa ke mataimakiya ce. Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, ranki ya daɗe."

Aikina shi ne gyaran gado, canza zanin gado, goge ƙarfen gado da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, kai fo da zubar da shi da wanke shi, taimaka wa majinyaciya ta yi wanka ko alwala, ba da abinci ga wadda hannunta ba ya ɗagawa, tura keken marasa lafiya, kai jini da fitsari ɗakin gwaji. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuɗin fom da na darasin yamma kawai yake fitar mini. Makon farko ko tuwo ban iya ci da daddare ba saboda warin da ya zauna mini a hanci. Wasu 'yan ajinmu suka riƙa cewa 'yar tela ta gama sakandare ta ɓige da kwasar kashi. Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma a cikin wannan aikin ne na gane ko zan iya jinya ko ba zan iya ba, kuma babu ajin da zai gaya wa mutum wannan.

Akwai wata tsohuwa da aka kawo daga wajen Zango, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Surukarta ce ke jinyarta, ita kuwa kunya ba ta barinta ta yarda matar ɗanta ta ga tsiraicinta. Sai ta riƙe fitsari har ya kufce mata, ta rufe fuska da mayafi tana hawaye. Sista ta koya mini yadda zan yi: a ja labule tukuna, a fitar da kowa, a yi sallama, a gaya mata abin da za a yi kafin a taɓa ta, a buɗe wurin da ake wankewa kaɗai a bar sauran jiki a rufe. Ta kuma ce duk awa 2 sai an juya ta, dare da rana, domin wanda ya daɗe kwance ta gefe guda jini ba ya isa fatar da ƙashi ya danne, sai wurin ya yi ja, ya saɓule, ya zama gyambon da kan ci har ƙashi. Ƙugu, diddige, kafaɗa, gwiwar hannu, nan ake dubawa. Ko ninkin zani da aka bari a ƙarƙashinta, ko ɓarɓashin abinci, yana iya fara ciwon.

Kullum in na zo juya ta sai in ce, "Iya, sannu, zan ɗan gyara miki kwanciya." Bakinta ya karkace, magana ba ta fita sosai, amma wata rana ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, "'Yar nan, Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini." An sallame ta babu gyambo ko ɗaya a jikinta. Sista ta duba bayanta da kanta ranar tafiya, ta dube ni ta gyaɗa kai. Ba ta ce komai ba, amma ni na san abin da take nufi, kuma daga ranar maganar 'yan ajinmu ta daina damuna.

Sannu a hankali ta fara koya mini awo a gabanta. Bugun jijiyar babba mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, numfashinsa tsakanin 12 da 20, zafin jiki in ya haura 37.5 a sanar da ita. Ta hana ni ƙirga numfashi majinyaci yana sane, domin da ya san ana kallon ƙirjinsa zai canza yadda yake ja, sai dai in riƙe hannunsa kamar har yanzu bugun nake ji. Abin da ta fi nanatawa shi ne: ba aikina ba ne in ce ga cutar da ke damun mutum, aikina in gani in faɗa da wuri. Mataimakiya ta fi kowa daɗewa a bakin gado. Ita ce za ta fara ganin mai jego ta jiƙa ƙyalle fiye da kima, ko mai ciki ta ce kanta na sarawa tana ganin duhu-duhu, wanda kan zo kafin jijjiga. Jinkirin minti goma a irin wannan yana iya zama rai.

Wani darasin da ban zata ba shi ne riƙe baki. Daura gari ne da kowa ya san kowa. Ina dawowa gida za a aiko yaro, ko wata ta shigo da sunan gaishe da Inna, sai ta karkato: "Ashe matar wane tana wurinku? Me aka ce yana damunta?" Wata da kyakkyawar niyya take tambaya, wata kuwa kishiya ce ta aiko. Amsata ɗaya ce, "Tana samun sauƙi, a ci gaba da addu'a." Har Inna ban gaya wa ba, kuma Allah ya saka mata, ba ta taɓa matsa mini ba.

Jarrabawar da ta fi wannan ita ce ta allura. Da unguwa ta ga ina fita da safe ina shiga asibiti, sai aka fara kawo mini yara da ƙullin magani daga kemis. "Malama, ga allurar zazzaɓi an rubuta masa, ki taimaka." Wasu har da kuɗi a hannu, kuma kuɗin ina bukatarsu. In na ce ban iya ba sai a ce girman kai ne, ko rowar ilimi. Wata dattijuwa da nake jin nauyinta ta yi fushi da ni wata da watanni. Amma na riga na ga yaron da aka kawo mana yana jan ƙafa saboda an soka masa allura a mazaunai ta inda babbar jijiya ta bi. Na ga ƙurjin allura da sai da aka tsaga. Sista ta gaya mini akwai wanda jikinsa ke ƙin wani magani nan take, numfashi ya sarƙe, in babu maganin gaggawa a kusa sai dai a yi salati. Wace amsa zan ba uwar yaro in haka ta faru a tsakar gidanmu? Tura sirinji kowa zai iya koya a yini ɗaya. Sanin me ya sa, nawa ne, a ina, da abin da za a yi in ta ɓaci, shi ne ake shekaru ana karantawa.

Daminar 2021 aka yi annobar amai da gudawa a jihohin Arewa da dama, har da tamu. A lokacin ne na ga darajar aikin da ake rainawa. Mutum zai zo ido ya faɗa, in ka ja fatar cikinsa ba ta komawa da wuri, gudawar fara kamar ruwan wankin shinkafa. Nas-nas suna fama da neman jijiya, mu kuma mataimaka muna haɗa ruwan gishiri da suga, ƙulli ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, muna ba su kurɓi-kurɓi ko da suna amai, muna lura da yawan abin da ya fita, muna wanke bokiti da gado da ƙasa da ruwan kilorin. Hannuna har ya tsattsage saboda wanki. Baba ya ce in bari haka nan kada in kwaso wa gida. Goggo ta ce masa cutar ta baki take shiga, in na kiyaye hannuna da abin da nake ci ba abin da zai same ni da yardar Allah. Kafin in shiga ɗaki sai in cire kayan aiki a bayan gida in yi wanka. Ita ce kuma ta matsa sai da na yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3, saboda mai aiki da jini da tsinin allura bai san ranar da zai soku ba.

Da Fiziks da Kemistiri suka fito, sai zaɓi ya zo, kuma a nan ma sai da aka yi dogon zama. A cikin Daura akwai makarantar fasahar kiwon lafiya, akwai irinta a Kankia, inda ake yaye jami'an lafiyar al'umma. Karatu ne mai kyau, su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara da rigakafi da awon ciki, amma hukumar da ke yi musu rajista daban ce, ba aikin nas ba ne. Mutane da yawa suna haɗa su, har sai yarinya ta shiga ta gane ba abin da take nema ke nan ba. Baba ya fi son wannan don in riƙa kwana a gida. Akwai makarantar ungozoma a Malumfashi, wadda Goggo ta so mini saboda aikinta ne. Akwai digiri a jami'a, shekara 5, wanda ya fi buɗe ƙofar gaba amma aljihunmu ba zai ɗauka ba. Sai makarantar koyon jinya ta jiha da ke cikin Katsina. A da karatun shekara 3 ne kai tsaye, yanzu makarantu da yawa sun koma tsarin kwaleji, ƙaramar difloma da babba, ana shiga ta JAMB, don haka duk mai nema ya tambayi tsarin da ake kai a shekarar da zai shiga.

Na zaɓi Katsina ne saboda abin da na gani a bakin gado. Ina son jinya gaba ɗayanta, ta yara da tsofaffi da masu sikila irin ƙanena, ba haihuwa kaɗai ba. Kuma na riga na san cewa a wannan karatun asibitin da za a tura ka ya kai aji muhimmanci. Katsina tana da babban asibitin jiha, da asibitin mata da yara na Turai Yar'adua, da asibitin tarayya da yanzu ya zama na koyarwa. Inda marasa lafiya suka yi yawa, nan ɗalibi ke ganin cututtuka iri-iri. Ga shi tafiyar ba ta da nisa, in wani abu ya taso a gida mota ɗaya ce.

Damuwar Baba ba kuɗi ba ce kaɗai. Abokan zamansa a bakin shago sun cika masa kunne cewa nas ba ta zaman aure, tana kwana a waje, tana taɓa maza. Bai ɗauki maganata ba, bai ɗauki ta Inna ba. Malaminmu na Islamiyya ne ya same shi bayan sallar la'asar ya ba shi tarihin Rufaida Al-Aslamiyya, sahabiyar da ke da tanti a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har aka kai mata Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Sannan ya tambaye shi, "Malam, in ciwo ya kama iyalinka, wa kake so ya duba ta, mace ko namiji? To in kowa ya hana tasa 'yar, daga ina macen za ta fito?" Baba ya yi shiru. Da daddare ya kira ni ya ce, "Uwata, ki je. Ki riƙe sallarki, ki riƙe mutuncinki." Shi da kansa ya ɗinka mini kayan makaranta, ya ƙi bari yaran shagonsa su sa hannu.

Watanni 6 na farko su ne matata. Ana karanta sassan jikin mutum da yadda suke aiki da tushen jinya, a ƙarshe a yi jarrabawa, wanda bai ci ba ya koma gida. A karatun littafi na sha wuya, domin na daɗe da barin aji, kuma sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi ba su da dangi da wani abu da na sani. Nakan tashi kafin asuba in yi ta maimaitawa. Amma ranar da aka shiga ɗakin gwaji aka ce a gyara gado da majinyaci a kai, hannuna ya riga tunanina. Malamar ta tsaya ta ce, "Ke, a ina kika yi aiki?" Na gaya mata. Ta ce to yanzu sai in koyi dalilin kowane abu da hannuna ya saba, kuma in shirya sauke wasu halaye in an nuna mini wanda ya fi. Haka aka yi. Yanzu na san me ya sa fatar ke mutuwa in an danne ta, na san me gishiri da suga ke yi a hanji har ruwa ya koma jiki.

Da aka fara tura mu asibiti, wasu cikin 'yan ajinmu, yara masu ƙoƙari a takarda, suka gane ba za su iya da jini da wari da kukan dare ba. Akwai wadda ta ajiye karatun bayan iyayenta sun kashe abin da suka kashe. Shi ya sa duk ƙanwar da ta zo mini da maganar makarantar nas, bayan mun duba sunan makarantar a jerin Majalisa, sai in ce ta nemi wuri mai nas ta gaskiya ta yi ko 'yan watanni tana taimakawa, da sharaɗin ba za ta taɓa allura ba. Wurin da za a miƙa mata sirinji a makon farko kuwa, ta gudu.

Allurar farko da na yi a rayuwata a asibitin koyo na yi ta, malama tana tsaye a kafaɗata, bayan na karanta sunan majinyaci da sunan magani da adadinsa da lokacinsa a bayyane ta ji. Na kira Goggo da yamma na gaya mata. Ta tambaye ni ko na wanke hannu kafin da bayan, na ce na wanke, sannan ta sa mini albarka.

Yanzu jarrabawar Majalisa ce a gabana. In Allah ya sa na samu lasisi, niyyata in yi aiki a Daura ko ƙauyukanta, in tara abin da zan tara, in ƙara karatun ungozoma na wata 18 da ake yi bayan na jinya, domin Goggo ta ce ba za ta bar ni in huta ba sai na karɓi haihuwa da hannuna. Ina roƙon wanda ya karanta ya sa ni a addu'a, ya sa da ƙawata, wadda ta sake yin rajistar NECO bana.